Daga Kan Dala Zuwa Bakin Teku: Yawon Buɗe Ido da Ƙafa a Tsohon Birnin Kano

A ƙasashen Turai, inda sanyi kan daskarar da ruwa ya kuma tsare mutane a ɗaka wata da watanni, akwai al'adar fita doguwar tafiyar ƙasa da zarar sanyin ya karye, wato tsakanin watan Maris da na Mayu, lokacin da itatuwa ke sabon toho, ciyawa ta rufe tuddai, rana kuma takan daɗe ba ta faɗi ba. Mai irin wannan tafiya yakan goya jakarsa, ya bi turbar da hukuma ta shata ta kan tsaunuka da gonaki, ya kwana a ƙauyen da dare ya riske shi, daga bisani ya gangara garuruwan bakin teku domin kallon tsofaffin gine-gine da matsayar jiragen masunta. A Ingila akwai turba irin wannan da ta bi gaɓar kudu maso yammacin ƙasar har tsawon mil 630, a Italiya kuma akwai wadda ta haɗa ƙauyuka biyar da ake kira Cinque Terre, waɗanda ke maƙale a jikin duwatsun bakin teku. Wannan reshe ne na yawon buɗe ido, wato tafiyar da mutum kan yi domin kawai ya ga wuri ya san shi, ba tare da fatauci ko ziyarar dangi ko neman magani ba, kuma abin da ya bambanta shi da sauran rassan shi ne an ɗauki ita kanta tafiyar ƙafar a matsayin abin da aka fito nema.

Wanda ya dubi taswira zai ce Kano ba ta da rabo a wannan harka, domin tsakaninta da teku akwai tafiyar kilomita kusan 1,000 a mota, ƙasarta shimfiɗaɗɗiya ce, watannin da Bature ke ɗokin fita a cikinsu kuwa su ne watannin da Bakano ke neman inuwa. Sai dai tsohon birnin, wato abin da ganuwa ta kewaye, a gindin dutse aka kafa shi, sawun mutane da na jakuna ne suka shata lungunansa, arzikinsa kuma ya daɗe yana ɗaure da ayarin fataken da suka fita ta ƙofofinsa suka ƙetare tuddai da koguna har wasunsu suka dangana da gaɓar Tekun Atlantika. Dutse da tafiyar ƙasa da bakin teku duk suna cikin tarihin birnin, illa dai lokacinsu da tsarinsu ba irin na Turai ba ne.

Batun lokaci shi ne na farko da ya kamata mai niyyar wannan yawo ya warware. Shekarar ƙasar Hausa ta kasu zuwa damina, wadda a Kano takan kankama daga Yuni zuwa Satumba, sai kaka lokacin girbi, sai hunturu mai sanyi da ƙura daga Disamba zuwa Fabrairu, sannan bazara, wadda ita ce ta faɗo daidai da lokacin toho na Turai. A bazara, musamman cikin Afrilu, zafin rana a Kano yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salsiyas, iska takan yi nauyi, kuma tafiyar awa biyu da tsakar rana tana iya kayar da lafiyayyen mutum. Wanda larura ta sa bai samu zuwa ba sai a bazara, to tafiyarsa tana tsakanin sallar asuba da hantsi, sannan daga bayan la'asar zuwa magariba. Hunturu ya fi daɗin tafiya nesa ba kusa ba, amma yana da nasa aibin, domin hazon da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara yakan lulluɓe birnin har mai tsayuwa a kan dutse ya kasa hango abin da ke nesa kaɗan da shi. Mafi dacewar lokaci ga mai son ya haɗa sauƙin tafiya da tsabtar sararin sama shi ne daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba, bayan ruwa ya wanke ƙura, kafin hazo ya sauko.

Dutsen Dala shi ne mafarin da ya dace, saboda tarihi da kuma saboda gani. Tsayinsa daga matakin teku mita 534 ne, amma da yake shi kansa birnin yana zaune a kan tudu, abin da mai hawa zai taka bai wuce 'yan gomiyoyin mitoci ba, kuma an yi matakala da ke kai mutum samansa cikin mintuna kaɗan. Dutse ne na jan marmara mai shimfiɗaɗɗen kai, kuma tamar da ke jikin irin wannan marmara, wato ɗanyen ƙarfen da ake narkawa a fitar da baƙin ƙarfe, ita ce ta jawo mazaunan farko. Binciken masana kimiyyar tono kayan tarihi ya nuna cewa ana narka tama a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya, abin da ya dace da labarin baka na Abagayawa, maƙeran da ke cewa kakansu daga Gaya ya zo neman tama. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci kuma H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, ya kawo labarin Barbushe, jagoran mutanen Dala kuma mai kula da tsafin Tsumburbura, sannan ya kawo zuwan Bagauda, wanda aka ƙiyasta farkon sarautarsa a shekarar 999. Daga saman dutsen ana hango Goron Dutse a yamma, wanda ɗan'uwan Dala ne a siffa da irin ƙasa, ana hango hasumiyoyin babban masallacin Juma'a ta kudu, sannan ana ganin yadda cunkoson gidajen cikin birni ya bambanta da shimfiɗaɗɗun titunan Sabon Gari da Nassarawa da aka tsara a zamanin Turawa. Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a watan Fabrairun 1851, daga wannan dutse ya zana hoton birnin da ya shiga littafinsa.

Hawan Dala don kallo ba baƙon abu ba ne ga Kanawa, kuma wannan yana da muhimmanci ga masu ɗaukar yawon buɗe ido a matsayin al'adar baƙi. Duk shekara, mako guda bayan Mauludi, a ranar da ake kira Takutaha, yara da matasa da mata sukan yi ado su yi tururuwa zuwa dutsen, su hau su kalli gari su sauko, masu talla kuma su cika gindinsa. Haka nan Maukibin Ƙadiriyya, jerin gwanon da ke tashi daga unguwar Kabara kowace shekara, da ƙafa ake yin sa ta cikin titunan birnin. Abin takaicin shi ne halin da dutsen yake ciki a sauran kwanakin shekara, domin gidaje sun matse gindinsa ta kowace fuska, ruwan sama yana zaizaye gefunansa, kuma babu wani bayani a rubuce da ya isa ya gamsar da ɗalibin da ya hau yana son sanin inda yake tsaye.

Da an sauko daga Dala aka nufi kudu maso gabas, sai a faɗa cikin lunguna, kuma a nan ne ake gane dalilin da ya sa mota ba ta da amfani ga mai son sanin birnin. Yawancin lungunan nan an bar su ne daidai faɗin da jaki da kayansa zai wuce, suna lanƙwasa suna rarrabuwa bisa yadda gidajen dangi suka yi ta ƙaruwa, kuma ƙuncinsu yana da fa'ida a ƙasa mai zafi, tun da katanga takan yi wa 'yar'uwarta inuwa mafi yawan yini. Ginin gargajiya na tubali ne, wato curin ƙasa mai siffar ƙwai da ake busarwa a rana, ana jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a yi rufi da azara, wato tsagin itacen giginya wanda gara ba ta cika ci ba, sannan a shafe bango da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwan sama cin gini. Inda ake son ɗaki mai faɗi sai magina su yi bakan gizo, wato su lanƙwasa jerin azara daga bango zuwa bango su lulluɓe da ƙasa, a saman kusurwoyin soro kuma su ɗora zanko. Ƙasar da aka yi wannan gini da ita daga cikin birnin aka haƙo ta, ramukan da aka bari su ne kududdufai, waɗanda suka daɗe suna karɓar ruwan damina, kuma cike su da ake yi ana gini a kai yana cikin dalilan ambaliyar da unguwanni ke fama da ita yanzu. Siminti da bulo da kwano sun ci yawancin tsohon gini, amma mai tafiya a hankali zai ci gaba da cin karo da zauruka masu kauri da ƙofofi masu zanen dagi a tsakanin sababbin gidaje.

Su kansu unguwannin suna ba da labarin waɗanda suka zo daga nesa suka zauna. Madabo tana da alaƙa da Wangarawa, malamai da 'yan kasuwar ƙasar Mali da Tarihin Kano ya ce sun iso a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385). Sharifai tana da alaƙa da zuriyar Shehu Muhammadu al-Maghili, malamin Tilimsan da ya zo a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya kuma rubuta masa nasiha kan tafiyar da mulki. Ayagi mazaunin Yarabawa ce tun da daɗewa, akwai Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Agadasawa, akwai kuma Dandalin Turawa, inda Larabawan Gadamas da Tarabulus suka zauna. Baƙon da ke ratsa waɗannan wurare ya kamata ya tuna cewa cikin gidajen mutane yake tafiya. Ana yi wa dattawan da ke zaune a ƙofar gida sallama a gaishe su, ba a wuce zaure sai da izini, ba a ɗaukar hoton mutum, balle mace, sai an tambaya, wanda kuma ya zo da tawaga zai sauƙaƙa wa kansa idan ya fara gaida mai unguwa.

Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafa ta ga Sarki Rumfa (1463 zuwa 1499), tana bakin Jakara, rafin da a da yake ratsa kurmin da maguzawan farko ke girmamawa, wanda a yau ya zama magudanar ruwan birni. Manyan kasuwannin da ke wajen ganuwa, irin su Kantin Kwari da Sabon Gari da Dawanau, sun kwashe babban ciniki, amma Kurmi ta riƙe abin da ya fi jan hankalin mai kallo, wato kayan doki, da takubba, da jakunkunan fata na dukawa, da huluna, da turare, da kanwa, da magungunan gargajiya, da littattafan addini da alluna. Barth ya ƙiyasta mazauna Kano a zamaninsa da kimanin 30,000, ya kuma lura cewa adadin yakan ninka tsakanin Janairu da Afrilu saboda shigowar fatake, abin da ke nuna cewa rani shi ne lokacin tafiya a wannan ƙasa tun fil azal, domin a lokacin ne koguna ke janyewa, hanya ta bushe, manomi kuma ya gama da gona. Wanda yunwa ta kama a wannan yanki bai yi nisa da masu gurasa ba, don kuwa unguwannin da ke kewaye da Jakara sun shahara da gasa ta, kamar yadda Alfindiki ta shahara da alkaki da dubulan.

Daga Kurmi tafiya kaɗan ce zuwa Gidan Rumfa, fadar da sarakunan Kano ke zaune a ciki tun ƙarshen ƙarni na 15, da babban masallacin Juma'a wanda gininsa na yanzu aka kammala a 1951 a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Fada gida ce da mutane ke rayuwa a ciki, don haka abin da baƙo zai gani ba tare da izini ba shi ne Ƙofar Kudu da filin da ke gabanta. Kusa da nan Gidan Makama yake, wanda aka mayar gidan adana kayan tarihi, kuma a nan ne mutum zai ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni da cikin soron gargajiya ba tare da ya shiga gidan kowa ba. Filin Ƙofar Kudu shi ne zuciyar hawan Sallah, da Hawan Daushe da sauran hawan da ke biyo baya, bikin da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu a watan Disamban 2024.

Ta gabas akwai karofin Ƙofar Mata, wato ramukan rini da ake cewa sun samo asali tun 1498. A cikin rami mai zurfi, wanda aka shafe cikinsa don ya riƙe ruwa, marina kan haɗa baba, wato ganyen shuni, da toka da katsi, katsi kuwa shi ne gurɓin tsohon rini da ake kwashewa a ƙona a sake amfani da shi. Sai a bar haɗin ya yi kwanaki yana ruɓa ana motsa shi, kafin a fara tsoma zane ana ɗagowa, domin iska ce ke mayar da launin daga kore zuwa shuɗi, kuma yawan tsomawa shi ke sa shuɗin ya yi duhu. Daga nan zane yakan tafi wurin mabuga, waɗanda ke dukansa da sanduna a kan gungume har ya yi ƙyalli. Yawancin ramukan yanzu babu kowa a kansu, saboda atamfa da shadda na kanti da rinin zamani sun karya kasuwar, amma wannan sana'a ce, tare da ta garin Kura da ke kudu da birni, ta kai sunan Kano nesa. Barth ya rubuta cewa tufafin da aka saƙa aka rina a Kano suna kaiwa Gat da Murzuk da Tarabulus a arewa, da Tumbuktu a yamma, har ma da tsibirin Argin da ke gaɓar Atlantika a ƙasar Muritaniya ta yau. Haka fatar jar akuya da aka jeme a majemu irin ta Ƙofar Wambai take ƙetare Sahara ta isa Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko.

Ganuwa, wadda Kanawa kan kira badala, ita ce doguwar tafiyar da birnin ke da ita. Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ne ya fara ta, aka faɗaɗa ta a zamanin Rumfa, aka sake faɗaɗawa a zamanin Muhammadu Nazaki a farkon ƙarni na 17. Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya da ya shigo Kano a Janairun 1824, ya ƙiyasta kewayenta da mil 15, tsayinta ƙafa 30, ya ƙirga ƙofofi 15, ya kuma lura cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke ciki ba, sauran gonaki ne da fadamu, domin an yi ganuwar ne ta yadda mutane za su iya noma a ciki idan abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya. Rahoton Lugard, shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa, bayan sojojin Ingila sun ci birnin a Fabrairun 1903 ya ba da mil 11, ya kuma ce gini ne da bai taɓa ganin irinsa ba a wannan yanki. Mai son bin sawunta a yau zai fi samun abin gani idan ya tashi daga Ƙofar Nassarawa ya bi ta Sabuwar Ƙofa da Ɗan Agundi da Na'isa da Gadon Ƙaya da Famfo da Dukawuya zuwa Kabuga, sannan ya karkata arewa ta Kansakali da Waika. Gaskiyar magana ita ce abin da zai gani guntaye ne. A wasu wurare ganuwar ta zama tudun ƙasa, a wasu an ɗebe ƙasarta an yi gini, a wasu kuma shaguna da gidaje sun hau kanta, yawancin ƙofofin kuwa an rushe su an sake gina su da siminti domin faɗaɗa titi, kamar yadda aka yi wa Ƙofar Na'isa a 2010. Tun 2007 ganuwar da wuraren da ke tare da ita suke cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO don neman a amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, alhali tsohon garin Agadas a Nijar ya samu wannan matsayi a 2013, kuma babu wanda ya ga halin da badala take ciki da zai yi mamakin jinkirin.

Wanda Dala da Goron Dutse ba su ishe shi ba, ƙasar tuddai tana farawa ne da an fita birni. Ta arewa akwai duwatsun Fanisau, inda Sarki Ibrahim Dabo (1819 zuwa 1846) ya kafa ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, kuma al'ada ce sarki ya kai hawa can a Babbar Sallah. Ta kudu ƙasa takan fara ɗagawa daga wajen Rano, manyan duwatsu masu sulɓi su fara bayyana a tsakiyar gonakin dawa, a wuce madatsar ruwan Tiga da aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, a ratsa dajin Falgore, a kai tsaunukan Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Daga nan hanya ta miƙe zuwa tudun Jos, wanda ke kan tsayin mita 1,200 ko fiye, kuma shi ne wuri mafi kusa da Kano da za a iya doguwar tafiyar ƙasa cikin Afrilu ba tare da zafi ya galabaitar da mutum ba, tun da ruwa yakan riga sauka can. A Birnin Kudu ta jihar Jigawa akwai zane-zanen shanu waɗanda mutanen dauri suka yi a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, a Zariya kuma akwai dutsen Kufena. Yanayin tsaron wasu hanyoyin nan, musamman masu ratsa daji, yana sauyawa, don haka tambayar mutanen gari da direbobin tasha kafin a tashi wajibi ne.

Tafiyar da ta haɗa Kano da bakin teku kuwa fatake ne suka yi ta, kuma goro ne ya ja su. Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja, a arewacin Gana ta yau, tun zamanin Sarki Abdullahi Burja a tsakiyar ƙarni na 15, amma a ƙarni na 19 ne cinikin ya kai ƙololuwa a hannun Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Ayari yakan tashi da rani ƙarƙashin madugu, wanda shi ne shugaban tafiya mai sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito, tare da jagaba da ke gaba yana duba hanya da wurin sauka, kuma duk inda aka yada zango nan ne ake sauke kaya a shayar da dabbobi. Sukan ɗauki tufafi da kanwa da fata da busasshiyar albasa, da bayi ma a wancan zamani, su ƙetare kogin Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, su ratsa tuddan Borgu, su kai kasuwar Salaga bayan watanni, su komo da goro a cikin huhu, wato ɗaurin ganye da ake yayyafa wa ruwa a hanya don kada goron ya bushe. Clapperton, a tafiyarsa ta biyu, ya bi wannan ƙasa ta ɗaya gefen, domin daga Badagiri a bakin teku ya taso a Disamban 1825, ya haye duwatsun ƙasar Yarabawa zuwa tsohuwar Oyo, ya iso Kano a Yulin 1826, kuma a Kayama ta ƙasar Borgu ya gamu da ayarin Hausawa mai mutum fiye da 1,000 yana dawowa daga Gwanja.

Abubuwa biyu ne suka karkatar da wannan hanya zuwa gaɓa. Na farko shi ne raunin daular Asante bayan Ingilishi sun ƙona Kumasi a 1874, da yaƙin basasar Salaga na 1892 wanda ya watsa Hausawan garin zuwa Kete Karachi da Kumasi da Ankara. Cikin waɗanda wannan guguwa ta kwasa har da Imam Umaru, malami kuma marubuci haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete Karachi a 1934. Na biyu shi ne jirgin ruwa da jirgin ƙasa. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa, yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Legas, layin dogo kuma ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912, tafiyar watanni ta koma ta 'yan kwanaki, gyaɗa kuma ta bi wannan layi zuwa teku. Bakanon da ya je Legas ko Ankara a yau zai tarar da ƙarshen waccan hanya a unguwanni irin su Agege da Idi Araba, da Sabon Zango da Nima, inda ake jin Hausa a kasuwa da masallaci, a Badagiri kuma zai ga gaɓar da aka riƙa loda bayi a jirage, da benen da 'yan mishan suka gina a 1845.

Idan aka kwatanta da turbobin Turai, abin da Kano ta rasa ba wuraren gani ba ne, tsari ne mai sauƙin kuɗi. Tafiyar da ta tashi daga Dala ta bi Madabo da Kurmi da Gidan Makama ta ƙare a Ƙofar Mata ba ta wuce safiya guda, amma babu alamomin da ke nuna hanyar, babu taswirar da ake sayarwa a bakin dutse, masu yi wa baƙi jagora da suka san tarihin kuma ba su da yawa. Birnin Fas na Maroko, wanda lungunansa ma ba sa ɗaukar mota, ya mayar da wannan ƙunci hanyar cin abincin dubban mutanensa. Masarautar Kano da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa suna da ikon shata wannan turba, su kafa alluna da Hausa da ajami da Turanci, su horar da matasan unguwannin da hanyar ta ratsa, su kuma hana ɗibar ƙasa da gini a kan abin da ya rage na badala. Makarantun birni da kewaye kuwa ba sa buƙatar jiran kowa, domin zangon karatu na farko yana faɗowa daidai lokacin kaka, kuma ya kamata kowane shugaban makaranta ya ware safiya ɗaya a cikinsa ya fitar da ɗalibansa su taka daga Dala zuwa Ƙofar Mata tare da malamin tarihi.